Amsoshin Takardunku: Jan Akwatin Nan Na Japan Mai Cin Faifai

Tambaya: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu wanda ya ce shi manomi ne da damina, da rani kuwa gyaran rediyo yake yi, yana kafa ɗan teburinsa duk ranar kasuwa. Ya ce kwanan baya ya sayi kwalin kayan gwanjo a dunƙule, da ya zo gida ya buɗe sai ya tarar da wani jan akwati mai baƙar fuska da maɓalli ruwan ɗorawa, tare da wani farin akwati mai jan ado da hannuwan wasa biyu, da wani baƙin abu fale-fale mai igiya, da waɗansu faya-fayai ruwan ɗorawa guda bakwai, duk da rubutun Japan a jiki. Ya ce yaransa sun matsa masa lamba ya jona musu a janareta su gani, wani abokinsa kuma ya ce ya miƙa wa 'yan jari-bola ya huta. Shi ne yake so mu gaya masa mene ne wannan abu, mene ne tarihinsa, wace irin wuta yake ci, kuma in ya lalace yana gyaruwa?

Amsa: To malam, mun gode da wannan takarda, kuma kafin mu shiga tarihi ga abu guda da muke roƙonka: kada ka sa wa wannan akwati wutar janareta ko wutar gari tukuna, ko da yara sun yi kuka. Ka bari sai ka karanta wannan amsa har ƙarshe. Abin da ya yi kusan shekara 40 yana raye, cikin ƙiftawar ido ake kashe shi da soket guda.

Farin akwatin nan sunansa Famicom, na'urar wasan talabijin ce, abin da yaran yanzu ke kira gem. Jan kuwa shi ake kira Famicom Disk System, watau na'urar da ke karanta wa farin akwatin faifai. Baƙin abin mai igiya shi ne ɗan aiken da ke tsakaninsu. Dukkansu na kamfanin Nintendo ne da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan, kamfanin da aka kafa tun 1889, kuma sana'arsa ta fari ba ta da wata dangantaka da lantarki, katin karta yake bugawa. A ran 15 ga watan Yuli na 1983 ne kamfanin ya fito da Famicom a kan kuɗi yen 14,800, a ƙarƙashin shugabansa Hiroshi Yamauchi, injiniyan da ya jagoranci ƙirar kuma shi ne Masayuki Uemura, wanda ya rasu a watan Disamba na 2021. Masu sauraronmu da suka yi ƙuruciya a birane wajen shekarun 1990 sun san jikokin wannan na'ura, domin kwaikwayonta da aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin ya cika kasuwanninmu, irin waɗanda ake cusa wa kaset ta sama a ga ɗan mutum mai gashin baki yana tsalle. Amma jan akwatin bai biyo su ba. Ko Amurka da Turai ba a kai shi ba, shi ya sa ka ga ba wanda ya gane shi a kasuwarku.

To me ya kawo faifai alhali ga kaset yana aiki? Amsar ita ce kuɗi da wuri. Kaset ɗin gem ba zare ke cikinsa ba kamar na waƙa, waɗansu 'yan ƙwayoyin lantarki ne da aka ɗura wa wasan tun daga masana'anta, kuma a wancan zamani ƙwayoyin nan tsada gare su, ga ƙarancin ciki. Ana auna cikin irin waɗannan abubuwa da wani mudu da ake kira kilobait. Shahararren wasan nan Super Mario Bros. na 1985 kilobait 40 ne kacal, an kuma sayar da shi yen 4,900, kuɗin da yaro ba ya iya tarawa sai da taimakon uba. Sa'an nan ga wata matsala: kaset ba ya riƙe inda ka tsaya. In uwa ta kashe talabijin don a ci tuwo, duk wahalar da yaro ya sha ta tafi. Waɗansu wasanni sai su ba ka dogon jerin haruffa ka kwafe a takarda, gobe ka sake shigarwa. A wasan Dragon Quest II na 1987 jerin yakan kai harafi 52, in ka kuskure guda ɗaya shi ke nan.

Sai Nintendo ya nemi kamfanin Mitsumi, wanda ke da wani irin faifai mai arha da ake kira Quick Disk, ya ɗan sake masa sutura, ya fito da jan akwatin nan ran 21 ga watan Fabrairu na 1986 a kan yen 15,000. Ka lura, ya fi uwar na'urar tsada da yen 200. Faifai guda, gaba da baya, yana ɗaukar kilobait 112, kusan ninki uku na kaset ɗin Mario ke nan, kuma ana iya rubutu a kansa, saboda haka wasa ya sami inda zai ajiye labarin mai wasa. A ranar da aka fito da akwatin aka fito da wasan Zelda na Shigeru Miyamoto, a kan yen 2,600. Kafin shekarar ta ƙare an sami Metroid, da Super Mario Bros. 2 wanda ya fi kowane faifai kasuwa, da wasan Dracula na kamfanin Konami da Turawa suka sani da sunan Castlevania.

Amma abin da ya fi burge mutanen Japan, kuma muna jin 'yan kasuwa daga cikin masu sauraronmu za su fi kowa gane daɗinsa, shi ne wata babbar na'ura da aka girke a kantunan kayan wasa, sunanta Disk Writer. In yaro ya gaji da wasan da ke faifansa, sai ya ɗauko shi ya kawo kanti ya biya yen 500, mai kanti ya sa a na'ura a goge tsohon a ɗura masa sabo, a ba shi sabuwar takardar mannawa. Kamar dai yadda za ka zo da kwalbarka a zuba maka man gyaɗa, ba sai ka sayi kwalba kullum ba. A 1987 har aka ƙara da gasa: an fito da waɗansu faya-fayai shuɗɗa, mutum ya buga wasan golf a gida, ya kai faifan kanti, a aika da makinsa zuwa kamfani ta layin tarho. An sayar da akwatin sama da miliyan 4, wasannin da aka yi masa kuma sun kai wajen 200.

Sai dai ranarsa ba ta yi tsawo ba. Wata huɗu kacal da fitowarsa, a watan Yuni na 1986, kamfanin Capcom ya fito da kaset mai kilobait 128, watau ya riga ya fi faifai ciki, a watan Yuli kuma Konami ya fito da mai 256. Farashin ƙwayoyin lantarki ya yi ta sauka. Daga nan aka gano dabarar sa ɗan ƙaramin batir cikin kaset don ya riƙe inda aka tsaya, da haka aka kai Zelda Amurka a 1987 ba tare da faifai ba. Masu kanti ba su ga riba a yen 500 ba, ga na'urar ta cinye musu wuri. Kamfanonin da ke ƙirƙiro wasanni su ma sun ja baya, domin Nintendo ya nemi rabin haƙƙin mallakar wasan da aka sa a faifai. Ga kuma masu satar fasaha. Dubi ƙasan faifanka za ka ga an tona sunan NINTENDO, waɗansu haruffa sun fi waɗansu zurfi. Wannan makulli ne, domin a cikin akwatin akwai tudun da ke shiga ramukan, faifan da ba shi da su ba ya zama daidai. Ɓarayi suka riƙa tona ramukan kawai, ko su ɗan jirkita sunan. Wasa na ƙarshe ya fito a watan Disamba na 1992, a 1993 aka kwashe na'urorin ɗura wasa daga kantuna. Duk da haka, a yaba wa kamfanin, ya ci gaba da ɗura wa mutane wasa ta gidan waya har watan Satumba na 2003, ya kuma ci gaba da karɓar gyara har 2007, lokacin da ya ce kayan gyara sun ƙare masa. Tun daga ranar, duk wanda ke da irin akwatin nan, gyaransa ya koma hannunsa da hannun masu sana'a irinka.

Maganar wuta

Yanzu mu zo kan abin da ya sa muka ce ka dakata. Ƙarfin wutar lantarki ana auna shi da ma'aunin da ake kira bolt. Wutar gidajen Japan bolt 100 ce. Tamu nan Nijeriya da Nijar, da wadda janaretanka ke bayarwa, tsakanin 220 ne da 240, fiye da ninki biyu ke nan. (Japan ma kanta wutarta ba iri ɗaya ba ce ta wajen saurin bugawa: gabashin ƙasar sau 50 a daƙiƙa, yammaci sau 60, saboda tun ƙarshen ƙarni na 19 Tokyo ta sayi injinan Jamus, Osaka ta sayi na Amurka, har yau kuma ba a daidaita ba. Wannan bai dame ka ba, mun faɗa ne don nishaɗi.) In a cikin kwalin ka sami baƙar adafta mai nauyi wadda aka rubuta wa AC100V, to ta gida ce, kuma ita ce tarkon. Bakinta zai iya shiga irin soket ɗinmu mai karɓar kowane filogi, amma wayar da aka naɗa a cikinta ba ta san 230 ba. Za ta yi zafi, ta yi wari, ta ƙone, kuma kafin ta mutu tana iya tura wa akwatin wutar da ta fi ƙarfinsa.

Hanya mafi aminci ita ce wadda masu ƙirar suka tanada tun farko. Buɗe murfin jan akwatin za ka ga gurbin batir shida, matsakaita, waɗanda ba su kai na babbar tocila kauri ba, su ne masu lambar C. Kowane bolt ɗaya da rabi ne, shida sun ba da 9 ke nan, abin da akwatin ke bukata. Mutum zai yi mamaki, ƙasa mai wuta dare da rana me za ta yi da batir? Dalilin da aka saba bayarwa shi ne soket ɗin bango baki biyu gare shi, talabijin ta ci ɗaya, adaftar Famicom ta ci ɗaya, ba sauran wuri. Shi ya sa ma adaftar jan akwatin daban aka riƙa sayar da ita. Kuma batiran sukan yi wata da watanni, tun da injin ba ya juyawa sai na 'yan daƙiƙu lokacin da ake ɗauko wasa daga faifai. Ga shi abin da aka yi don ƙuncin ɗakunan Tokyo ya zo ya dace da mutumin karkara. Kafin ka sa sababbi, dubi ƙarafunan gurbin. In wani ya bar tsofaffin batira sun zubar da ruwa, za ka ga fari ko kore ya kama su, sai ka kankare da sanfefa har ƙarfe ya yi haske.

In kuwa adafta kake so, to ga sharuɗɗa, kuma ba a barin ko ɗaya. Ta zama ta zamani wadda aka rubuta tana karɓar 100 zuwa 240. Abin da take fitarwa ya zama bolt 9, kuma DC, watau wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Yawan wutar da take iya bayarwa kada ya kasa 400mA, wanda shi ne na adaftar asali. In ya fi haka ba laifi, akwati yakan ɗebi abin da yake bukata ne kawai, kamar yadda faɗin rijiya ba ya sa guga ya fashe. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya fi cin mutane. Bakin adafta yana da rami a tsakiya da ƙarfe a kewaye. Yawancin adaftocin da ke kasuwa yanzu tsakiyarsu ce mai alamar ƙari, kewayen mai alamar ragi. Na wannan akwati a juye yake: tsakiya ragi, kewaye ƙari. A jikin kowace adafta akwai ɗan zane na ɗigo cikin rabin da'ira, ka bi layin da ya fito daga ɗigon ka ga wace alama ya nufa. Kai da ke da mita ma ba sai ka dogara da zane ba: sa jan tsinke a kewaye, baƙi a cikin rami, in ta nuna 9 ba tare da alamar ragi ba, to ka dace.

Farin akwatin shi ba ya cin batir, adaftarsa ta asali bolt 10 ce, 850mA, ita ma tsakiya ragi, kuma adafta mai kyau ta bolt 9 mai wannan siffa tana ɗaukarsa. Akwai wata adafta da muke so ka guje wa kamar maciji: ta ɗan'uwansa na Amurka mai suna NES. Sunan kamfani ɗaya, lambar 9 ɗaya, baki yana shiga, amma ita AC take fitarwa, wuta mai kai da komo, kuma ta kashe Famicom da yawa a hannun masu tara irin kayan nan. Haka nan kada ka ce ga batirin sola ko na mota a ɗaka bari in ja waya kai tsaye. Wannan 12 ne, in ya cika ma ya haura, sai an bi ta na'urar rage wuta tukuna.

Wani abu kuma, don kada ka zargi akwati a banza. Famicom ta igiyar eriya take aika hoto, a tasha ta 1 ko ta 2 irin ta Japan, da tsarin launi na NTSC, mu kuwa talabijin ɗinmu na Nijeriya PAL ne. Ba kowace talabijin ce za ta kama ba. Amma ga dabarar da za ta yi wa mai gyaran rediyo daɗi: sautin waɗannan tashoshi biyu yana faɗowa cikin zangon FM ɗinmu, ta 1 a 95.75, ta 2 a 101.75. Kunna na'urar, kusanto da rediyo kusa da igiyar, ka murɗa zuwa wajen. In ka ji kiɗa, uwar tana da rai, saura neman talabijin mai karɓar kowane tsari.

Bel ɗin da ya zama kwalta

Mu ɗauka ka sa baƙin abin nan a bakin Famicom, ka jona igiyarsa a bayan jan akwati, ka sa batir, hoto ya fito, ka ga Mario da ɗan'uwansa Luigi suna guje-guje ana jiran faifai. Ka tura faifai, jan fitila ta kama, ka ji inji yana kuka, amma wasa bai zo ba. Kusan kullum abu guda ne, kuma ka san shi tun a rediyon kaset: bel. Ɗan siririn bel ne na roba, shimfiɗaɗɗe, da ke ɗauko juyi daga inji zuwa babbar ƙafa. Robar da aka yi shi da ita ba ta jure shekaru. Wani ya saki, wani ya tsinke, wani kuma ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta ya manne a jikin ƙafafun. Mai injin niƙa ya san zancen: inji lafiya lau, dutse lafiya lau, bel ya tsinke, gari ya tsaya.

Amma fa a nan ne wanda ya ƙware a kaset yakan yi kuskure, domin yana ganin cire tsoho a sa sabo ne kawai. Don ka gane dalili, ɗauko faifan da matarka ke rufe ƙwarya da shi ka duba. Ba da'irori ne daban-daban aka jera ba, igiya guda ce aka naɗe tun daga cibiya har baki. Haka rubutun faifan nan yake, layi ɗaya ne a naɗe, irin na faifan garmaho. Faifan kwamfuta na wancan zamani da'irori gare shi, kuma na'urar tana da inji na biyu mai kai kan karatu duk da'irar da ake so. Mitsumi ya yi tsimin wannan inji na biyun, arhar ke nan. A cikin jan akwatin inji ɗaya ne ke yin komai: shi ke juya faifai, shi ne kuma ta hanyar haƙoran giya yake tura kan karatu, wanda masu gyaran kaset ke kira hed, sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Duk lokacin da wasa ke son wani abu, sai an bi layin tun daga farko, abin da kan ɗauki wajen daƙiƙa 8. Kan karatun kuma ɗaya ne, shi ya sa wasa kan ce ka fito da faifai ka juya bayansa.

To ka ga ke nan juyin faifai da tafiyar hed a ɗaure suke da juna, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. Garmaho yana da rami da allura ke bi, nan kuwa ba rami, rubutun maganaɗisu ne da ido ba ya gani, ba abin da ke riƙe hed a kan layi sai daidaiton giya. In wajen sa bel ka bar giya ta zame da haƙori ɗaya, ko ka kwance ɗan ƙarfen tsakiya da ke kama faifai ka mayar da shi a wata fuska, hed zai riƙa bin tsakanin kunya da kunya maimakon kan kunya. Komai na juyawa, ba abin da ake karantawa.

Saboda haka kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya na cikin injin, ɗauki hotonsa da waya ta kowace fuska, sa'an nan ka sa alama da biro mai kama roba a kan giyoyin da inda suke fuskanta, da kuma fuskar da ɗan sukurun ƙarfen tsakiya ke kallo. Cire batir. Kwance akwatin, fito da injin a hankali don igiyoyinsa sirara ne, buɗe farantin ƙasa. Akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ya danne giyoyin, sai an sassauta shi bel ke wucewa. Ɗaga shi kaɗan yadda bel zai shige, yatsanka na danne da giyoyin. Kafin sabon bel ya hau, sai ka share tsohon danƙon tas da auduga da sifirit, har cikin lungun ƙaramar ƙafar inji, domin ko ɗan kaɗan ya rage zai sa gudu ya riƙa rawa. Kada ka sa fetur, yana cin roba. Wannan sharar ita ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce rabin gyaran.

Game da sabon bel, tun asali girmansa na musamman ne, ba irin wanda ake samu ko'ina ba, amma yanzu akwai masu yin sa musamman don wannan akwati suna sayarwa ta intanet, wani ɗanka da ke birni zai iya nemo maka. In za ka gwada daga tarin bel ɗin kaset da ke teburinka, auna hanyar da zare, ka zaɓi shimfiɗaɗɗe wanda ya ɗan gaza zaren kaɗan. Robar ɗaure kuɗi kam a'a. Tana miƙewa tana komawa, gudu ba zai tsaya wuri ɗaya ba, in ta yi tsauri kuma ta wahalar da inji.

Da ka mayar, na'urar da kanta za ta gaya maka inda aka kwana, domin tana nuna lambar kuskure a talabijin. Lamba 01 faifai bai zauna ba. Lamba 02 wuta ta yi kaɗan, watau batir ko adafta. Lamba 03 an karya ɗan kunnen faifai da ke ba da izinin rubutu, irin na kaset. Lamba 07 ka sa baya maimakon gaba. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Masu sa gumi su ne 21 da 22 da 27, waɗanda ke nufin ana karantawa amma abin da ke fitowa ba daidai ba ne. In ka gan su, fara da goge hed da auduga da sifirit, ka duba ɗan ƙyallen da ke danna faifai a kan hed ko yana nan. In ba a dace ba, koma kan ƙarfen tsakiya: juya giya da hannu har ka ji hed ya koma mafari da ɗan ƙara, ka gwada fuskar ƙarfen da hoton da ka ɗauka, ka gyara kaɗan, ka gwada, ka sake gyarawa. Akwai ɗan rami a jikin inji inda ake ƙara gudu ko a rage, akwai kuma sukurun da ke matsar da hed. Shawararmu ita ce waɗannan biyu su zama na ƙarshe da za ka taɓa, in ma ka taɓa to ɗan kaɗan, kana ƙirga abin da ka murɗa don ka iya komawa. A masana'anta aka daidaita su, kuma galibi ba su ne suka motsa ba. Yawancin akwatunan da suka gagara gyara, a nan aka ɓata su.

Sai ka yi hattara da faya-fayan su kansu, domin su ne ba su da madadi. Ba kamar faifan kwamfuta ba, masu ruwan ɗorawan nan ba su da ƙyauren da ke rufe tagarsu, an bar ta a buɗe don arha, sai 'yar rigar takarda da kwanson roba. Ƙurar hunturu, danshin damina da ke kawo fumfuna, zafin rana a kan tebur, yatsa mai maiƙo, duk abokan gabansu ne. Mafi sharri kuwa shi ne abin da ya cika teburin mai gyaran rediyo: lasifika. Mayen ƙarfen da ke bayanta yana iya goge wasan da aka rubuta tun 1986, ba kuwa sauran kantin da za ka kai yen 500 a mayar maka. Sa'an nan kada ka fara gwaji da wasa mai ajiye labari irin su Zelda ko Metroid. Akwatin da bai gama daidaita ba, in ya yi rubutu a faifai, a karkace zai rubuta, daga nan faifan ya daina karantuwa a kowane akwati sai shi, in ka ƙarasa daidaita shi ma shi ɗin ya ƙi. Zaɓi wanda ya fi tsufa a ido daga cikin bakwai ɗin ka yi ta gwaji da shi, sai ka ga gaba da baya sun karantu sau da yawa a jere, sa'an nan ka gwada na biyu da na uku.

Batun abokinka da 'yan jari-bola kuwa, su a kilo za su auna, roba ce mafi yawa, abin da za su ba ka ba zai sayi batir shidan ba. Akwai masu tara irin waɗannan kaya a Japan da Turai da Amurka, kuma abin da suke dubawa shi ne kayan su cika: jan akwati, da baƙin ɗan aiken, da faya-fayai cikin rigunansu da takardunsu. Saboda haka ko ba ka sami bel a bana ba, kada ka raba su, kada ka bar yara su ɓare takardun jikin faifai. Cire batir, naɗe kowane cikin leda, ka sa a akwatin tufafi nesa da rediyo, har bayan girbi in hannu ya sami sarari.